Baba na kan maganin myeloma amma ciwo sai bin ciwo yake, maganin ne ke cinye masa garkuwar jiki?

Yar_Aboabo

Assalamu alaikum mutanen gida. Dan Allah wanda ya san harkan nan ya taimaka min da bayani don wallahi kaina ya ɗaure. Babana ne, shekarunsa 66, tela ne a wajen Alabar nan Kumasi tun kafin a haife ni. Ciwon baya ya dame shi kusan shekara guda muna ta cewa ai zaman keke ne, a shafa man zafi a sayo diclofenac a kemis a ci gaba, har ranar da ya sunkuya zai ɗau buta ya kasa miƙewa. Aka kai shi asibiti aka yi hoto aka ɗebi jini, daga baya suka huda ƙashin ƙugunsa suka ɗebo ɓargo, sannan aka ce mana sunan ciwon multiple myeloma, wai kansar ɓargo ce.

Yanzu wata biyu kenan da fara magani. Duk sati ana masa allura ɗaya a fatar ciki, bortezomib, sai ƙwayoyin dexamethasone da cyclophosphamide. Gaskiya ciwon bayan ya ragu sosai, mutumin da sai an ɗaga shi yanzu da sandarsa yake zuwa masallacin layinmu. Amma abin da ke ba ni tsoro tunda aka fara bai samu sati biyu cikakku lafiya ba. Farko tari da zazzaɓi har aka ba shi gado kwana biyar, yana fitowa bakinsa ya yi fari fat kaman an shafa masa koko ko tuwo baya iya haɗiyewa, satin da ya wuce mun je allura suka ce a koma gida jininsa ya yi ƙasa, jiya kuma sai ga ƙuraje masu ruwa sun fito a haƙarƙarinsa na dama yana cewa kaman ana ɗora masa garwashi. Makwabciyarmu 'yar Asante tana gani ta ce ananse ne, wato ciwon da bature ke ce ma shingles.

Gwaggona ta zo daga Tafo ta tada hankalin gida, wai maganin bature ne ke cinye ɗan'uwanta, a tsaida shi haka nan, ta ma kawo wata kwalba da aka rubuta immune booster a jiki da garin magani a leda. Mma ta fara karkata wajenta. Ni ce mai kai shi asibiti don haka duk ido a kaina yake. Shin da gaske maganin ne ke jawo wannan? In shi ne me ya sa za a ba mara lafiya abin da zai ƙara buɗe masa ƙofar ciwo? Kuma kwalbar nan a ba shi ko kar a ba shi?

Anti_Nas

Wa alaikumussalam ƙanwata, sannu, Allah ya ba Baba lafiya. Kafin komai, ƙurajen nan kar ki jira ranar kilinik, ki kai shi yau ko gobe da sassafe. Maganin ananse ya fi aiki in an fara shi cikin kwana uku da fitowar ƙurajen, kuma mai irin jikin Baba ba a wasa da shi don yana iya bazuwa. Kar a shafa toka, kar a shafa bula, kar a bar kowa ya tsaga. Zancen da ake yi wai in ya zagaye jiki ya haɗu mutum ya tafi, ba haka ba ne, ciwon jijiya ɗaya yake bi shi ya sa yake tsayawa a gefe guda. In dai kin ga ya fito kusa da ido ko ya watsu wurare da yawa to wannan imajensi ne kai tsaye.

To amsar tambayarki, e maganin yana da hannu, amma ba shi ya fara ɓarnar ba. A cikin ɓargo akwai wasu ƙwayoyi da ake ce ma plasma, aikinsu kaman maƙera ne, su ke ƙera makaman da jiki ke yaƙar cuta da su, wato antibodi, kala kala, kowace cuta da irin nata. Myeloma shi ne ɗaya daga cikin maƙeran nan ya haukace ya yi ta haihuwar irinsa har suka cika maƙerar, kuma dukkansu abu ɗaya tak suke ƙerawa wanda ba ya kashe komai. Shi ne abin da kike gani a rizal an rubuta M protein ko paraprotein. A lafiyayyen mutum ƙwayoyin plasma ba su kai 5 cikin 100 na ɓargo ba, a myeloma daga 10 ne zuwa sama, wani ma fiye da rabi. Maƙeran kirki an matse su, ga wurin da ake yin jan jini da fararen ƙwayoyi shi ma an cinye. Kin ga tun kafin allurar farko garkuwar Baba ta riga ta tsage, da yawa ma ta yawan ciwon ƙirji ake gano suna da cutar.

Sai magani ya zo, kowanne da inda yake taɓawa. Cyclophosphamide kemo ne, duk ƙwayar da ke saurin hayayyafa yana bugunta, fararen ƙwayoyin jini kuwa suna cikin masu saurin, musamman wanda ake ce ma neutrophil masu cinye bakteriya. In kin duba takardar lab za ki ga layinsa, in ya sauka sosai ana ɗaga allura a ba ɓargo sati ya huta, ita ma bortezomib tana saukar da platelet masu tsaida jini, ko wanne cikin biyun zai iya sa a ce ku koma gida. Wannan ba yana nufin magani ya ƙi ba ne, abu ne da muke gani kullum.

Bortezomib ita dabararta daban. Kowace ƙwaya tana da wurin niƙa shara a cikinta, allurar sai ta toshe wurin, ƙwayar myeloma da ke ta zubo furotin ba dare ba rana sai shararta ta shaƙe ta ta mutu. Amma tana raunana wasu sojojin da ake ce ma T, su kuma su ne masu gadin tsofaffin ƙwayoyin cuta da ke kwance a jiki. Duk wanda ya yi ƙarambau yana yaro cutar ba ta fita ba, tana nan ta laɓe a jijiya shekara hamsin sittin, mai gadi na yin gyangyaɗi sai ta fito a matsayin ananse. An san bortezomib da wannan sosai, shi ya sa ake haɗa ta da aciclovir, maganin da ke hana ananse fitowa, tun ranar farko. Ki duba min, ba a rubuta masa ba?

Dexamethasone kuwa ni shi na fi jin tsoro duk da ya fi arha. Yana kashe myeloma da kyau amma yana kwantar da garkuwar gaba ɗaya, farin bakin nan da kika gani aikinsa ne, yana ɗaga suga, yana hana barci, tsoho mai haƙuri sai ki ga ya koma faɗa ranar da ya sha. Mafi muni yana ɓoye zazzaɓi, cuta na cin mutum a ciki jikinsa kuma ba zafi can can. Don haka ki sayi tamomita ki ajiye kusa da gadonsa, ba a auna mai kemo da bayan hannu. In ta nuna 38 ko sama, ko yana rawar ɗari, ko numfashi na masa wuya, ko ya fara surutai, kar a ba shi paracetamol a ce bari mu gani zuwa safe, kar kuma a yanke hukunci cewa maleriya ce a sayo magani a kemis. A kai shi ko ƙarfe biyun dare ne, kina shiga ki ce musu yana kan kemo, a can za a yi tes ɗin maleriyar da sauran duka.

Yar_Aboabo

Anti na gode Allah ya saka da alheri. Innalillahi, aciclovir ɗin an rubuta, mun saya na wata ɗaya ya ƙare, lokacin kuɗin allura ya sha mana kai sai yayana ya ce mu fara da manyan tukuna wannan ƙaramin ya jira tunda ba na kansar ba ne. Kusan sati uku kenan bai sha ba. Wallahi jikina ya yi sanyi, ashe mu muka jawo masa.

Anti_Nas

Kar ki ɗora wa kanki, ba ku kaɗai ba ne, kowa in aljihu ya matse na gefen yake fara yankewa don ba a cika zama a yi wa mutane bayanin amfaninsu ba. Ki dai faɗa wa dokta gaskiya yadda kika faɗa nan, don adadin da ake sha na rigakafi daban da na magani in ciwon ya riga ya fito, kuma sai sun duba ƙodarsa kafin su yanke nawa zai sha. Mai ciki ko jariri ko duk wanda bai taɓa ƙarambau ba kar ya kusanci ƙurajen sai sun bushe, a ruwansu ake ɗauka.

Alaji_Sawaba

'Yata sannu da ɗawainiya, Allah ya yi miki albarka. Ni ba likita ba ne, direba ne na yi ritaya, amma na yi jinyar uwargidana da wannan ciwon shekara huɗu kafin Allah ya karɓi abinsa, don haka bari in faɗa miki abin da ba a rubutawa a kati.

Babban abin da ya ba mu wahala ba magani ba ne, mutane ne. Kin san Zango, in aka ji an sallamo mutum daga asibiti kafin la'asar ɗaki ya cika, wannan na tari wancan ta goyo yaro mai majina, kowa sai ya kama hannu ya yi addu'a, taga a rufe fanka na juya iska ɗaya. Sau biyu ana dubiya ranar Lahadi ranar Laraba muna asibiti. Ka hana a ce ka yi girman kai ko kana ɓoye wani abu. Ƙarshe limaminmu na samu na yi masa bayani, shi ya faɗa bayan sallah cewa Hajiya na gaishe da kowa amma likita ya ce a rage shiga, mai son lada ya yi mata addu'a daga inda yake. Magana in ta fito daga bakin liman ba mai jin haushi. Muka sa benci a tsakar gida, buta da sabulu a bakin ƙofa, wanda ya matsa sai ya gan ta to a waje a sarari, mai mura kuwa ko ɗan'uwanta ne ya yi haƙuri. Gidan suna da gidan addu'a ta daina zuwa a watannin farko, wannan ya yi mata ciwo ƙwarai don mace ce mai zumunci, amma daga baya da jikin ya daidaita ta koma fita.

Sai ci. Ita mai son fura da nono ce da burkina mai sanyi, dole aka bari sai in a gida aka dafa madarar. Waakye in za a saya a ce kar a sa salak, a kawo da zafinsa. Tsiren bakin titi da ya sha ƙura shi ma a'a. Ruwa kuwa ta sha shi kaman me, saboda ƙoda, har azumi malam ya ce ta ciyar.

Gwaggonki kar ki yi faɗa da ita, tsoro ne ke damunta, ɗan'uwanta take gani yana ramewa. Ki ɗauke ta ku je kilinik tare ta ji da kunnenta, kwalbar ma ku tafi da ita a nuna. Mu rubutu ba mu fasa ba, sai dai na ce a wanke allo da ruwan leda mai kyau a kofi mai tsabta kuma a sha a ranar, ba a ajiye a galan kwana bakwai ba. Garin magani ne na ce a'a tunda ban san me ke ciki ba.

Wani abu kuma in Baba na da niyyar Makka ko wata tafiya, allurar shawara ta yellow card mai rai ce, ba a yi wa mai irin wannan ciwon, likita ne zai ba shi takarda. Mu sai da muka je wajen allurar muka sani.

Sharp_Nima

Chale ni dai ban ga laifin booster ba, yayana da taifod ta kwantar da shi ita ya sha ya miƙe. In garkuwa ta yi ƙasa ba sai a ɗaga ta ba? Asibiti ma ai kasuwa ce

Dan_Famasi

Sharp, taifod daban wannan daban. Ka tuna abin da Anti ta ce, kansar nan ita kanta ƙwayar garkuwar jiki ce da ta ɓaci, to in da gaske akwai abin da ke ɗaga garkuwa a kwalba wanne ɓangaren zai ɗaga? Ni damuwata ma ba wannan ba ce, ƙoda ce. Furotin ɗin da myeloma ke zubarwa yana toshe ƙoda, da yawa suna zuwa asibiti ƙodar ta riga ta jigata, ka ƙara mata haɗin da ba a san me ke ciki ba sai a wayi gari ana zancen wankin ƙoda. Yar_Aboabo diclofenac ɗin nan da ibuprofen da duk danginsu ki kwashe su daga ɗakin Baba yau, har wanda ake sayarwa a trotro na ciwon jiki.

Tambaya, Baba na shan ataya? Don ganyen ataya koren shayi ne, kuma an gwada a lab an ga wani sinadari da ke cikinsa yana manne wa bortezomib ya hana ta aiki, shi ya sa ake cewa mai wannan allurar ya bar koren shayi da manyan ƙwayoyin bitamin C. Lemu ko abarba a abinci ba su ake nufi ba. Yawancin boosta ɗin nan kuwa in ka karanta bayan kwalbar abin da ke ciki kenan.

Na biyu ki tambaya ko an yi masa tes na hepatitis B kafin a fara. Tana da yawa a ƙasar nan kuma mutum na iya ɗauke da ita shekaru bai sani ba, in aka danne garkuwa sai ta farka ta kama hanta. In yana da ita ba a fasa magani, ana haɗa masa da tenofovir ko entecavir ne. Tarin da ya wuce sati biyu shi ma a duba TB.

Game da me ya sa ake ba da maganin duk da haka, wani babban bincike a Suwidin ya nuna masu myeloma sun ninka sauran mutane kusan sau 7 wajen kamuwa da cutar bakteriya, sau 10 wajen ta bairos, kuma watannin farko bayan gano cutar su ne mafi haɗari don lokacin ciwon na da ƙarfi magani ma na da ƙarfi. Baba yanzu a tsakiyar wannan lokacin yake. In aka tsaida magani garkuwar ba dawowa za ta yi ba tunda abin da ya cika ɓargon yana nan, sai ma ƙashi da ƙoda su ƙara shiga uku. In M protein ya yi ta sauka ɓargo na samun fili, wasu antibodinsu na kirki na farfaɗowa a hankali, wasu kuma ba ya cika dawowa daidai, shi ya sa ko an samu sauƙi ba a sakin jiki. A Ingila an yi gwaji da aka buga a 2019, an ba sababbin marasa lafiya maganin bakteriya levofloxacin na sati 12 na farko aka ga zazzaɓi da mutuwa sun ragu, wasu likitocin na bayarwa wasu kuma septrin suke sawa, ki tambayi nasa, kar dai ki saya da kanki. Haka ma in dexamethasone na wahalar da shi ki faɗa, ana rage wa tsofaffi, amma ba ku za ku rage a gida ba.

Abin mamaki akwai magungunan myeloma da ta hanyar garkuwar ma suke aiki. Thalidomide da lenalidomide suna zuga ƙwayoyin T da wasu sojojin da ake ce ma NK su far wa kansar, duk da haka lenalidomide na saukar da neutrophil kuma dukkansu na sa jini ya daskare a jijiya. Thalidomide ɗin nan ita ce wadda ta sa aka haifi dubban jarirai da nakasar hannu da ƙafa a Turai wajen 1960, don haka in aka canza masa zuwa ita mace mai ciki ko taɓa ƙwayar kar ta yi. Daratumumab da ta fito 2015 ita kanta antibodi ce da aka ƙera, tana neman wata alama CD38 a jikin ƙwayar myeloma, matsalar maƙeran kirkin ma suna da alamar sai ta haɗa da su. Har yanzu dai ba wanda ke bugun ɓarawon ba tare da ya taɓa mai gida ba.

Kuma ciwon ba baƙo ba ne a wajenmu kaman yadda ake zato. An auna jinin maza 917 a Accra masu shekara 50 zuwa 74, aka buga a 2007, matakin farko da ke riga myeloma wanda ake ce ma MGUS ya kusa ninka na turawan Amurka sau biyu. Tsoho mai ciwon baya da ƙarancin jini da yawan ciwon ƙirji bai kamata a tsaya kan man zafi ba.

Yar_Aboabo

Salam, mun dawo yanzu. Dokta ta ce ananse ne, ta ƙara masa aciclovir mai yawa da maganin zafin jijiya, allurar wannan satin ma an ɗaga sai ƙurajen sun bushe. Hepatitis B an yi tun farko babu. Ta nuna min M protein ɗin a fayil, ya sauka fiye da rabi daga inda aka fara, ni duk zuwan da nake ban taɓa sanin layin da zan duba ba.

Alaji na bi shawararka na tafi da Gwaggo. Ta shiga da kwalbarta a jaka tana huci, dokta ta karɓa ta juya bayanta ta karanta mata, koren shayi ne na biyu a jerin. Gwaggo ba ta ce komai ba har muka hau mota, sai a Kejetia ta ce to garin fa, na ce shi ma a'a, ta ce za ta kai wa mijinta.

Dan_Famasi ataya kam kullum bayan isha'i shi da abokansa a ƙofar shago, kofi uku ba fashi, shekara talatin. Tamomita na saya, benci ma an fitar tsakar gida. Atayan ne ban san ta inda zan fara faɗa masa ba, akwai wanda ya san ko Lipton ya halatta?